Mura da Marisuwa

Na ga waɗansunku daga Bakura, waɗansu daga Maradun, ga kuma mutanen nan cikin Mafara. Yau mu ajiye allo da fensir, zancen mura za mu yi. Na hangi wani can baya yana murmushi, watau a ransa cewa ya ke, me kuma za a gaya wa magidanci game da mura? Yi haƙuri, malam, ka saurara tukuna.

Aikina dai kun sani, akawu ne ni, na kan kuma juya takardu daga Turanci zuwa Hausa. Wata rana aka kawo mini wata takarda ta likitoci in fassara. Na tarad Turawa suna da suna biyu: ɗaya na 'yar murar nan ta majina da atishawa, ɗaya kuwa na wata cuta dabam da su ke kira infuluwenza. Na yi ta neman kalma na rasa, sai na rubuta mura duka biyu. Da na gama, na karanta wa wani tsoho maƙwabcina, don in ji ko Hausar ta zauna. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ta biyun nan ai marisuwa ka ke nufi. Ita ce ta ɗauke 'yan'uwan ubana uku cikin mako guda." Na ji kunya ƙwarai. Ashe muna da sunan, mantawa muka yi da shi. Tun da kuwa muka manta da sunan, sai muka daina jin tsoron abin.

Marisuwa ta shigo ƙasar nan cikin 1918, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare, daidai sa'ad da yaƙin duniya na fari ya ke ƙarewa. Jiragen ruwa masu ɗaukar soja da kaya su suka yi ta yawo da ita daga wannan gaɓa zuwa waccan. Cikin watan Agusta ta sauka Firitawun, a ƙasar Saliyo. Ran 14 ga Satumba wani jirgi mai suna Bida ya iso Ikko daga Gwalkwas, watau ƙasar Gana ta yanzu, da marasa lafiya a cikinsa. Daga bakin teku cutar ta biyo hanyar jirgin ƙasa da ta kogin Kwara, ta hauro Arewa. A sa'an nan dogo bai zo wajenmu ba, don bai kai Ƙauran Namoda ba sai 1929. Amma cuta ba ta jiran dogo. Ƙafar fatake da 'yan aike da masu cin kasuwa ta ishe ta. An ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, alhali jama'ar ƙasar duka a lokacin kamar miliyan 18 ne. Wanda ya iya lissafi ya raba ya gani: cikin ko wane mutum 36, kusan an rasa ɗaya. A duniya duka kuwa ana zaton ta ci mutum wajen miliyan 50, fiye da waɗanda yaƙin kansa ya ci. Abin da ya ba likitocin zamanin mamaki shi ne ta fi kāda majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40.

A wannan lokaci ba wanda ya san abin da ke kawo ta. Sai cikin 1933 waɗansu likitoci uku a birnin Landan suka gano ƙwayar cutar a jikin mutum. Iri ce da a ke kira bairus. Ƙanƙantarta ta kai har madubin likita na kullum, wanda a ke duba jini da shi, ba ya nuna ta.

Ku sani fa marisuwa ba ta tafi ba. Ƙarfinta ne ya ragu, amma danginta suna nan suna kewaya duniya ko wace shekara. Lokaci lokaci kuma wata sabuwa ta kan ɓullo ta game ƙasashe, kamar yadda aka yi a 1957, da 1968, da 2009. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko a shekarar da ba annoba, mutum miliyan 3 zuwa 5 ne ta kan kwantar da su mugun kwanciya, tana kuma kashe tsakanin 290,000 da 650,000. A ƙasashen sanyi tana da lokacinta, watau hunturunsu. A ƙasashen zafi irin tamu ana samunta ko wane wata, ko da ya ke mu nan mun fi lura da tari da majina in iskar hunturu ta taso.

To, yaya za ka rarrabe su?

Mura ta kullum sannu ta ke shigowa. Yau maƙogwaro na ƙaiƙayi, gobe hanci na zuba, ka yi atishawa, amma ka tafi gonarka, ka ci tuwonka. Marisuwa kuwa faɗowa ta ke yi kamar an jefe ka. Da safe lafiyarka lau, kafin la'asar masassara ta rufe ka, kana rawar ɗari ko cikin rana. Kai ya yi ta sara. Gaɓoɓi da baya da cinyoyi su yi tsami, sai ka ce duka ka sha. Ga busasshen tari, ga ciwon maƙogwaro, ga kasala har ɗaga moɗa ya zama aiki. Yara ƙanana su kan haɗa da amai ko zawo. Daga ranar da ƙwayar ta shiga jiki zuwa ranar da ciwon zai bayyana kwana 1 ne zuwa 4, galibi 2. Mai ƙarfi ya kan miƙe cikin mako guda, sai dai tarin ya kan bi shi mako biyu ko fiye.

A nan akwai wani rikici. Masassara da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, ai su ne kuma alamun zazzaɓin sauro. Ba mai iya rarrabe su da ido, ko da likita ne. Saboda haka in masassara ta kama wani a gidanka, a fara gwada jini. Gwajin nan na ɗigon jini a yatsa ba ya wuce minti 20. In kuwa ka ga wuya ya sanƙare, mutum ba ya iya sunkuyar da kai, haske na damunsa, to, kada ka tsaya zancen mura. Sanƙarau ke nan a ke tsoro, kun kuwa tuna ɓarnar da ya yi mana a Zamfara cikin 2017. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Mutane suna cewa sanyi ke kawo mura. Na sha jin masu noman rani a Bakolori suna cewa ban ruwa da asuba ne ya ja musu. Sanyi da ƙura suna busar da hanci da maƙogwaro, su sauƙaƙa wa cuta shiga, wannan gaskiya ne. Amma ƙwayar daga jikin wani mutum ta ke fitowa. Mai ita in ya yi tari ko atishawa, sai tsattsafin yawu ya watsu, na kusa da shi ya shaƙa. Ko kuwa ya fyace majina da yatsa, ya goge a riga, ya miƙo maka hannu ku gaisa, kai kuma ka murza ido. Ku dubi yadda mu ke yi da hunturu: mu toshe taga da tsumma, mu rufe ƙofa, mu hura gawayi, mutum bakwai ɗaki guda. Ku dubi ran Talata, mota ta taso daga Maradun ko Bakura, an cusa mutum tara wurin biyar, an ɗage gilasai saboda ƙura. Mutum ɗaya mai tari ya isa. Abin da ya fi muni kuma, mutum ya kan fara ba da ita tun kwana guda kafin shi kansa ya san ya kamu, ya ci gaba har kwana 5 ko 7. Yara su kan fi haka daɗewa.

Yanzu na zo ga abin da ya sa na tara ku. Ku da ke zaune nan, galibinku majiya ƙarfi ne. Marisuwar da ke yawo yanzu in ta kama ɗayanku, sai ta kwantar da shi kwana huɗu, ya tashi ya ce ai mura ce. Shi ya sa ku ke raina ta. To, raina kama ka ga gayya, sai dai gayyar ba a kanku ta ke sauka ba. Kai ne mai zuwa kasuwa, kai ne mai shiga mota, kai ne mai gaisawa da mutum hamsin a yini. Kai za ka ɗauko ta, ka kai ta cikin gida, inda waɗanda ba su iya jure ta su ke.

Ta farko mace mai ciki. Cikin nan ya kan rage mata ƙarfin tsare kai daga cuta, in ya tsufa kuma ya danne mata huhu, numfashinta ya ƙuntata. Masassara mai zafi tana iya sa ta haihu kafin lokaci. Har bayan ta sauka da mako biyu ba ta fita hatsari ba. Sai yara waɗanda ba su kai shekara 5 ba, tun ba 'yan ƙasa da shekara 2 ba, balle wanda tamowa ta riga ta taɓa. Sai tsofaffi, daga shekara 65 zuwa sama. Sai kuma mai wani daɗaɗɗen ciwo ko da yaro ne ko saurayi: mai asma, mai tarin tibi, mai ciwon zuciya ko na ƙoda, mai ciwon sukari, mai amosanin jini wanda a ke kira sikila, da mai ƙanjamau. Malaman asibiti su ma suna cikin lissafi, domin kullum suna tsakiyar marasa lafiya. Ina kuma tuna muku da 'yan'uwanmu waɗanda rashin zaman lafiya ya koro daga ƙauyukansu, suna kwana a cunkushe, abinci bai ishe su ba. Cuta irin wannan wurinsu ta ke fara sauka.

Kowa ya ƙidaya a zuci, mutum nawa ne irin waɗannan a gidansa. Ban yi tsammani akwai wanda zai ce babu ba.

Yadda ta ke kisa kuwa, galibi ta huhu ne. Ƙwayar ta kan ɗaye fatar hanyar numfashi, sa'an nan waɗansu ƙwayoyin cuta dabam su sami ƙofa a buɗe su shiga, huhu ya cika da ruwa da mugunya. Shi ne ciwon haƙarƙari, wanda likitoci ke kira nimoniya. Sau da yawa mutum ya kan yi kamar ya sami sauƙi, masassara ta sauka kwana ɗaya ko biyu, sai ta dawo da ƙarfi, tari ya fara fid da kaki mai kauri. Wannan komowa ita ce abar tsoro.

Ni kaina na taɓa yin wautar nan. Wata shekara da hunturu ta kama ni a ofis. Maimakon in kwanta, sai na yi ta zuwa aiki ina tari bisa takardu, don a ce ni mai himma ne. Ko wace maraice kuma in shiga ɗakin tsohuwata in gaishe ta, in zauna bakin gadonta, mu sha kunu da ludayi guda. Ni na warke ran na biyar. Ita ta kwanta ran na uku. Na saya mata kafso a kemis, na ce mura ce. Daren kwana na shida na ji numfashinta daga tsakar gida kamar ana zuga zugazugi. Muka kwana zaune, ba halin fita sai da gari ya waye. Ta yi kwana 11 a gadon asibiti da robar iska a hanci. Ta tashi, amma ba ta ƙara iya zuwa rijiya da kanta ba. Ba wanda ya ce mini kome, amma na san wanda ya kai mata.

Saboda haka ku riƙe waɗannan alamu. Ga babba: numfashi da ƙyar, ciwo ko nauyi a ƙirji, ruɗewa ko sambatu, leɓe ya yi duhu, fitsari ya ɗauke, ko masassara ta tafi ta dawo. Ga yaro: ya ƙi nono ko ruwa, ya yi ta amai, ya yi laushi ba a iya tashe shi sosai, ya yi jijjiga, ko ka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi. Ga wata dabara kuma da kowane mai agogo ko waya zai iya. Ka bari yaro ya natsu, ka buɗe masa riga, ka ƙidaya sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa cikin minti guda cif. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara guda, 50. Daga shekara guda zuwa 5, 40. In ya kai haka, ku kama hanyar asibiti. Ku kuma tafi da rana tsaka, kada ku ce bari mu ga dare. Kun fi ni sanin yadda hanyoyinmu su ke in duhu ya yi. Babban asibitin Talata Mafara yana nan, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku Gusau ko Sakkwato.

Wanda ba shi cikin masu hatsari, ba shi kuma da waɗannan alamu, jiyyarsa a gida ce. Ya kwanta, ya yi ta shan ruwa da kunu da romo, ya sha farasitamol saboda masassara. Kada a ba yaro asfirin, don tana iya taɓa masa hanta da ƙwaƙwalwa in yana cikin wannan ciwo. Kafson nan kuwa da mu ke saye barkatai, irin su amfisilin, ba ya taɓa bairus ko kaɗan. Yana da amfani ne in nimoniya ta biyo baya, wannan kuwa likita ke faɗi. Akwai maganin marisuwa na ainihi, sunansa oseltamibir, amma ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyu na fari, shi ya sa mai ciki da tsoho da mai daɗaɗɗen ciwo ba su da lokacin jira. Mai ciwon ya ware ɗaki in da hali, ya ware moɗarsa da cokalinsa. Ya yi tari cikin gwiwar hannu ko ƙyalle. A wanke hannu da sabulu. A buɗe taga ko da sanyi. Takunkumin nan da muka saba da shi zamanin korona, a 2020, yana da amfani a nan ma. In ka kamu, ka gai da tsohuwarka daga bakin ƙofa, za ta gafarta maka.

Saura zancen rigakafi. Manyanku suna da tabon lamba a dantse, wadda aka yi musu saboda agana. Da lambar nan aka kori agana daga duniya, aka yi shelar ƙarewarta a 1980. To, me ya hana a yi wa marisuwa haka? Dalili shi ne ƙwayar agana kamanninta ɗaya ne, jiki in ya gan ta sau ɗaya ya gane ta. Ƙwayar marisuwa kuwa kamar ɓarawo ce mai sake riga. Bana ta zo da shuɗiya, baɗi da fara, mai gadi ya buɗe mata ƙofa. Don haka akwai ɗakunan bincike a ƙasashe fiye da 100 masu tattara majinar marasa lafiya suna duba irin da ke yawo. Nijeriya ma tana ciki tun 2008, ɗaya daga wuraren da a ke ɗiba shi ne asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Sau biyu a shekara, cikin Fabrairu da Satumba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kan tara masana su zaɓi irin da za a yi allura dominsu. Yawancinta a cikin ƙwan kaza a ke renon ƙwayar, sa'an nan a kashe ta, a tace. An fara yin allurar nan tun wajen 1945.

Ga abin da ya kamata ku sani game da ita. Ko wace shekara a ke sabunta ta, ta bara ba ta isa bana ba. Sai ta yi mako biyu a jiki kafin ta fara tsaro. Ba ta sa marisuwa, tun da ƙwayar da ke ciki matacciya ce, sai dai dantse ya yi tsami, wani ya ji ɗan zafin jiki kwana ɗaya ko biyu. Ba zan kuwa ruɗe ku in ce garkuwa ce wadda ba ta hudawa ba. A shekarar da aka dace, ta kan rage kamuwa da wajen rabi, wanda ya kamu duk da haka kuma galibi ciwonsa ya kan zo da sauƙi. Ba ta kuma hana 'yar mura ta kullum, don wannan ƙwayoyinta dabam ne. Ana yi wa yaro tun daga wata 6. Jaririn da bai kai haka ba, tsaronsa na wurin uwarsa: in an yi mata tana da ciki, ƙarfin ya kan ratsa zuwa gare shi, ya riƙe shi watanninsa na fari.

Wani zai ce, to, ina a ke samunta? Gaskiya ita ce ba ta cikin alluran da gwamnati ke yi wa yara kyauta. Sai a waɗansu asibitocin kuɗi da manyan kantunan magani a birane, da kuɗinka kuma. Mai hali wanda ke da tsoho, ko mai ciki, ko mai sikila a gida, ya tambayi likita tun kafin hunturu. Mai niyyar aikin hajji ko umra shi ma ya nema, hukumar lafiya ta Saudiyya da kanta tana horon alhazai da ita, kun dai san tarin da su kan dawo da shi. Amma kada ka yarda wani mai jaka ya tsira maka allura a kasuwa ya ce ita ce. Allurar nan sai an ajiye ta cikin sanyi, in ta sha rana ta zama ruwa.

Wanda ba shi da hali kuma ba a bar shi hannu banza ba. Cikin alluran yara na kyauta akwai waɗanda ke tsare su daga ƙwayoyin nan masu biyo bayan marisuwa su kawo nimoniya. Ɗaya tana cikin allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar, wadda a ke kira fenta, ɗaya kuwa ita ce ta nimoniya. Ana yin su a mako 6 da 10 da 14 bayan haihuwa, sa'an nan ta ƙyanda a wata 9. Na lura mata da yawa suna son kai yara, izinin maigida da kuɗin mota su ke jira.

Kaji ma suna da tasu marisuwar. Cikin Fabrairu 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya, a wata gona kusa da Jaji cikin jihar Kaduna, shekara ta kewayo kuma ta kashe wata mace a Ikko. In ka ga kajinka suna zubewa, kada ka yi saurin yankawa don kada a yi hasara. Ka haƙa rami ka binne, ka hana yara taɓawa, ka gaya wa malamin dabbobi.

Mu tsaya nan, rana ta yi. Mako mai zuwa kowa ya karɓo katin rigakafin 'ya'yansa wurin uwarsu ya zo da shi. Yanzu kun iya karatu, za mu bi layi layi mu ga wadda aka yi da wadda ta saura. Mai agogo kuma ya zo da shi, mu gwada ƙidayar numfashin nan a kan juna.